Tayar karafan da hanyar kashta: abin da ke fasa ta, da yadda za ka kai gida lafiya

Daga tsakiyar Oktoba, da Wasam, kakar ruwan farko, ta shiga aka fara jin ƙamshin ruwan sama, hankalin mutanen ƙasar nan ta Saudiyya sai ya koma daji. Mu ma Hausawan Jidda da Makka da Riyad mun daɗe da kamuwa da son kashta, wato fita shaƙatawa a daji. Mai hali ya sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ƙulla wa mota a baya, marar hali ya aro na maƙwabci ko ya yi haya. Na Riyad su nufi Sumama ko Raudat Khuraim, mu na yamma mu nufi Usfan, ko bakin teku a Shu'aiba, ko mu haura Ɗa'if. Kuma babu sanyin da zai wuce ban ga karafan a karkace a gefen titi ba, mata da yara tsaye cikin iska, maigida yana tsintar guntayen roba.

Ni ma na yi wannan tsayuwar. Mun kwana biyu a wani fili mai yashi wajen Usfan, na rage iskar tayoyin mota da na karafan don kada mu kafe. Da za mu dawo na ga gida ba nisa, na ce bari in lallaɓa zuwa gidan mai na gaba. Yayana da ke zaune kusa da ni ya ce, "Ƙanina, ba za ka tsaya ka ba su iska ba?" Na ce, "Yaya, nan da can ne fa." Na wuce gidan mai na farko saboda layi. Ba mu kai na biyu ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar karafan ta dama ta tarwatse, wayoyinta suka yage marfin taya, suka tsinke bututun ruwan da ke ƙarƙashin ɗakin. Da muka kai ragowarta wurin mai faci, wanda a nan ake kira banshar, ya zura hannu ciki ya ɗebo garin roba baƙi kamar bunu, sannan ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta. Shekararta shida. Zanenta kuwa kamar jiya aka saye ta.

Zafi ne ke kashe taya

Sai ka gane wannan kafin sauran bayanin ya zauna maka. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da kaya, robar riƙe iskar kawai take yi. In iska ta yi ƙasa ko kaya ya yi yawa, gefen tayar yana lanƙwashewa duk lokacin da ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya koma sama. Tayar karafan da ke gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 13 a kowane sakan. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi a hannunka, can kuma ta karye. Abin da ke faruwa a cikin taya ke nan: zafin yana saki ɗaurin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen ciki, har saman tayar ya ɓare daga jikinta. Ka ƙara da kwaltar Hijaz wadda da rana tsaka a lokacin zafi ba ta takuwa da ƙafa.

Abin da ya sa ta karafan ta fi ta mota haɗari shi ne ba ta yi maka magana. Tayar mota in ta yi laushi sitiyari zai ja ka gefe. Ta karafan tana can baya tana dahuwa, kai kana gaba kana shan gahawa.

Mataki na farko: karanta abin da aka rubuta a gefenta

Durƙusa da tocila, ka goge ƙura. Nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshensa, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci lambar tana ɓangaren ciki, sai ka leƙa ƙarƙashi.

A nan mafi yawanmu muke faɗawa rami. Mun saba auna taya da zanenta, in ba ta suɗe ba muna cewa da sauranta. Wannan awon na motar da ke yawo kullum ne. Karafan wata huɗu ko biyar yake aiki a shekara, sauran watannin yana tsaye a rana, don haka tayarsa tsufa take yi tun zanenta bai taɓu ba. Kallon kitse ake yi wa rogo. A ƙasashen Turai masu sanyi ma shawarar da ake ba masu karafan ita ce su sauya taya idan ta kai shekara 5, kada kuma ta wuce 7 ko da yaya take. A zafin ranar Makka da Jidda ni ba na bari tawa ta wuce 4. Idan za ka sayi sabuwa, duba wannan lambar kafin a ɗaura maka, domin taya tana iya kwana a sito shekara biyu a kira ta sabuwa. Tayar hannu kuwa, wadda aka cire daga wata motar, kada ka kusance ta. Araha ba ta ado.

Sai irin tayar. Karafan da aka shigo da shi daga Amurka yawanci tayarsa tana farawa da ST, kamar ST205/75R15, wato an yi ta ne musamman don abin da ake ja, gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota tauri. Na Turai kuma sukan zo da taya mai harafin C, kamar 185R14C, irin ta motocin ɗaukar kaya. In mai banshar ya ce maka, "Alhaji, ga wata girmansu ɗaya, ta Camry ce amma za ta zauna," gaskiya ya faɗa, za ta zauna a rim. Ɗaukar nauyin ne ba za ta iya ba.

Nauyin ma a rubuce yake. A tayar 185R14C za ka ga kamar 102/100. Lamba 102 tana nufin kilo 850 ga taya guda, 100 ɗin kuma na lokacin da aka jera taya biyu manne da juna ne. 104 kilo 900 ne, 106 kilo 950. A tayoyin ST akwai aji na harafi: ST205/75R15 mai aji C tana ɗaukar kimanin kilo 825 idan an ba ta iska 50 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya), mai aji D kimanin kilo 975 a kan 65 psi. Lura da sharaɗin: wannan nauyin sai da wannan iskar. Ka rage iska, ka rage abin da za ta iya ɗauka.

Na ƙarshe harafin gudu. L kilomita 120 a awa, M 130, N 140. Tayar ST da ba a rubuta mata harafin gudu ba, iyakarta kilomita 105.

Mataki na biyu: shafa ta da hannu

Bi gefenta ciki da waje kana neman tsaga-tsaga irin na faso, ka leƙa cikin ramukan zanen ma. In ka ga kumburi kamar ƙwai a gefe, zaren ciki ya tsinke, wannan ba ta da magani. Ɗaga ta da jak ka juya ta a hankali, ka ga ko ta daina zama da'ira. Cin gefe ɗaya alama ce aksil ya karkace ko ya lanƙwashe, kuma sabuwar da za ka sa ma haka zai cinye ta.

Tsohon faci ma a duba shi. Igiyar robar nan da ake cusawa daga waje ta kai ka gari ce kawai. Gyaran kirki sai an cire tayar daga rim an duba cikinta an yi faci ta ciki, kuma sai hujin da ke kan zane wanda bai wuce milimita 6 ba. Hujin gefe ba a facinsa.

Mataki na uku: iska

Sayi geji naka na kanka. Na gidajen mai da na banshar sun sha faɗuwa ƙasa, wani ya ƙara maka biyar, wani ya rage. Adadin da za ka bi yana kan farantin da aka liƙa a jikin karafan, galibi ta gaba kusa da sandar ja. In ya goge, ga tayar ST bi adadin da ke gefen tayar. Kada ka yi mamakin jin 50 ko 65 ko 80 psi, wato kusan 3.4, 4.5 da 5.5 a ma'aunin bar. Yaron banshar da ya saba da 32 da 35 na ƙananan motoci zai tsaya a nan in ba ka tsaya a kansa ba, kuma tayar da ke son 65 aka ba ta 35 ta kama hanyar mutuwa tun daga ƙofar shago.

Ana awo ne tayar tana sanyi, da safe kafin rana ta buge ta, ko bayan ta yi awa uku a tsaye. Ido ba ya awo: tayar karafan mai taurin gefe tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ka gan ta tsaye ƙyam. Bugun ta da ƙafa kuwa gaisuwa ce kawai.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a nan wadda nake so a bari. Mutum zai tsaya a hanya ya auna, ya ga iska ta hau daga 65 zuwa 72, sai ya tsorata ya sassauta bawul wai kada ta fashe. Wasu ma tun daga gida suke ragewa "saboda zafi". Hawan nan ba laifi ba ne, masu ƙera tayar sun yi lissafinsa. In ka rage, ka ƙara mata lanƙwasa, ta ƙara zafi, ka sake ragewa, da hannunka ka kai ta. Ba a rage wa taya mai zafi iska.

Sanyi kuma akasin haka yake yi. Duk saukar digiri biyar zuwa shida yana rage kusan kashi 2 cikin 100 na iskar. Wanda ya cika taya da rana a Jidda ya kwana a tsaunin Shafa kusa da Ɗa'if ko a Najad cikin Murabba'aniyya, kwana arba'in na tsananin sanyi, wadda ke shiga 7 ga Disamba, zai tashi da safe ya tarar ta ragu. A sake aunawa kafin a kama hanya.

Bawul ɗin roba na ƙananan motoci iyakarsa 65 psi, kuma rana tana busar da shi. Duk sabuwar taya a sa mata sabon bawul, in iskar ta kai 65 ko ta wuce a sa na ƙarfe. Tayar ko-ta-kwana, istibna, ita ma a ba ta iska a duba shekarunta. Tawa ranar nan da na sauke ta rabin iska na tarar.

Mataki na huɗu: lodi

Mu ba ma tafiya da sauƙi, gaskiya ce. A ce karafan mai taya biyu ne, kowace kilo 850, jimla 1,700. A ce shi kansa ba kaya kilo 1,250 ne. Tankin ruwa mai lita 200 kilo 200 ke nan, don kowace lita kilo ɗaya ce. Ƙara janareta, tukwanen gas biyu, itace da gawayi, dardumai da matasai, buhun shinkafa, katan-katan na ruwan sha, kula cike da ƙanƙara da naman rago. Hajiya kuma ta ce a saka babbar tukunyar nan ko za a yi baƙi. Kafin ka ankara ka haye iyaka, ko kana kanta daidai, alhali ana so a bar wa taya sarari na kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Hanyar sanin gaskiya ita ce sikeli. Loda shi kamar yadda kake tafiya, ka nemi wurin da ake auna manyan motoci ko masu sayen ƙarafa, ka hau sau ɗaya. Awon nan guda zai yi maka amfani shekaru. Ruwa kuma, in akwai inda za ka cika kusa da masauki, tafi da tanki kusan wofi.

Jimla ma ba ta isa ba, sai an duba rabo. Kicin da tanki da batir sukan taru a gefe ɗaya tun daga kamfani, ka zo ka ɗora janareta a wannan gefen, taya ɗaya ta ɗauki fiye da rabonta. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksil ko ɗan gaba da shi. Nauyi a can baya yana sa karafan rawa a hanya, rawar kuma tana murɗa gefen taya. In naka mai aksil biyu ne, ka tabbata yana tsaye daidai idan an ƙulla shi. Gaba ya ɗaga, tayoyin baya su sha wuya. Gaba ya dunƙufa, na gaba su sha.

Mataki na biyar: boris, birki da noti

Ba kullum laifin taya ba ne. Boris da ya bushe ko birkin da ya kama yana gasa rim, rim ya gasa taya. Tun da ka riga ka ɗaga ta da jak, kama sama da ƙasa ka girgiza, ka juya ka saurara. Gurnani ko wasa na nufin a buɗe. A sa sabon giris sau ɗaya a shekara kafin kashtar farko, musamman in kana shiga yashi ko sabka, ƙasa mai gishiri ta bakin teku. Duk lokacin da aka cire taya aka mayar, a sake ɗaure noti bayan kilomita 50 zuwa 80.

Mataki na shida: a kan hanya

Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Riyad zuwa Ɗa'if da ta Makka zuwa Madina. Wannan allon ba da mai jan karafan yake ba. Ko da kyamarar Sahir mai kama masu gudu ba ta haska ka a 120 ba, tayar da iyakarta 105 ce ba ruwanta da Sahir. Ni 90 nake yi, in hanya ta yi kyau 100, a layin dama, masu gaggawa su wuce da fitilunsu.

Tashi bayan asuba. Tsaya bayan kilomita 30 na farko, daga nan duk awa ɗaya da rabi ko biyu, ko duk tsayuwar salla. Zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da tsakiyar rim. Akwai ɗan ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, ba shi da tsada, ya fi hannu. Abin da kake nema shi ne bambanci: in ɗaya ta fi 'yan'uwanta zafi sosai, kada ka tashi sai ka san dalili. Na'urar TPMS, wadda ake ɗaura ƙananan kawunanta a bawul ta riƙa nuna maka iska da zafi a gaban mota, ita ce abin da na fi jin daɗin kuɗin da na kashe a kai. Da ita tayar baya take samun bakin magana. Sai dai tana son bawul na ƙarfe.

Masu hawa Ɗa'if, hanyar Sail ta fi ta Hada sauƙin kwana da gangara ga mai jan kaya. A gangara sa ƙaramar giya injin ya riƙe, domin taka birki ba ƙaƙƙautawa shi ke dafa rim. A kwana kuma buɗe hannu, don karafan yana yanke kwana fiye da mota. Bugun dakalin titi guda yana iya tsinka zaren ciki yau, tayar ta fashe bayan mako biyu.

Mataki na bakwai: yashi da harra, filin duwatsun aman wuta

Rage iska don shiga yashi dabara ce mai kyau ga mota, kowa ya san haka. Ga karafan kuwa a rage kaɗan in ya zama dole, a tafi kamar mai tafiya da ƙafa, ba juyi mai kaifi. Mafi alheri ma a ajiye shi a ƙasa mai tauri, a shiga tudun yashi da mota kaɗai. Dokar da na koya da kuɗina ita ce: taya ba ta taɓa kwalta sai an mayar mata da iskarta. A bakin titin, yara na kuka, magariba na gabatowa, duk da haka. Don haka injin ba da iska mai aiki da batirin mota dole ne, kuma ka gwada shi a gida ka ga yana iya kai 65 ko 80, domin ƙananan nan masu arha sukan yi zafi su mutu a 40.

Tayar da ta yi tafiya mai nisa da ƙarancin iska ta riga ta cutu ko da ka cika ta daga baya. Garin robar da mai banshar ya ɗebo mini shi ne shaidar. In hakan ta faru, a cire ta a duba cikinta.

Wajen ramin Wahba da harrar da ke tsakanin Makka da Madina duwatsun baƙaƙe ne masu kaifi, gefe suke yanka. A can kada ka rage iska sosai, don laushi yana fito da gefen taya waje inda dutse zai same shi. Ƙarƙashin bishiyoyin samur da ɗalh kuma, inda kowa ke son inuwa, ƙaya ce zube. Tana shiga ta toshe hujinta, iska na fita a hankali. Kafin ka bar masauki, auna.

In ta riga ta fashe

Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe. Kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya, riƙe shi na ɗan lokaci har motar ta daidaita sannan ka sassauta a hankali. Kunna fitilun haɗari, ka gangara bayan rawayan layi iyakar yadda za ka iya, ko da rim zai lalace. Fitar da iyali ta ƙofar dama su yi nesa da titi, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku can baya. Lambar jami'an tsaron hanya 996 ce, a yankin Makka da Riyad kuma 911 tana aiki.

Bar karafan a ƙulle da mota yayin da kake canji, ka sa dutse ko katako a tayar ɗaya gefen. Jak ɗin mota sau da yawa ba ya dacewa da karafan, sifanar notin ma haka, don haka a gwada su tun a gida, a kuma ajiye faffaɗan katako na ɗora jak a ƙasa mai laushi. Kafin ka tashi leƙa ƙarƙashi ka duba wayoyin birki da bututun gas.

In mai aksil biyu ne, maƙwabciyar wadda ta fashe ta ɗauki nauyin biyu ita kaɗai na tsawon da ba ka sani ba, wayoyi kuma sun yi ta dukanta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sauya su tare.

Idan sanyi ya wuce

Daga Afrilu karafan zai koma tsayuwa, kuma a nan ne tayar da za ta fashe a Disamba take fara lalacewa. Sauke kaya, zubar da ruwan tanki, wanke tayoyin da ruwa da sabulu kawai, ba man ƙyalli. Cika su zuwa adadinsu. In akwai rumfa ko istiraha, gidan hutu na bayan gari, mai inuwa, can ya dace. In babu, rufe kowace taya da farin marufi, har da istibnar da ke rataye a baya tana kallon rana. Sa katako a ƙarƙashinsu, mai faɗin da ya wuce na tayar, don kada su zauna kan kwalta mai zafi ko inda mai ya zuba, kuma ka nisanta su daga janareta da injin walda. Sau ɗaya a wata auna iska, ka ja shi gaba ko baya kamar rabin mita don wurin da ke ƙasa ya canja. Ni na haɗa wannan da ranar biyan kuɗin haya don kada in manta, lambobin nan huɗu na kowace taya kuma na rubuta su da alƙalamin maka a cikin ƙofar karafan.